Bishiyar da Ake Ginawa Don a Cinye

Ana saura kwana biyu Kirsimetin bara, da la'asar sakaliya, 'yar maƙwabciyarmu ta yi sallama ta shigo da waya a hannu.

"Anti, don Allah duba wannan. Za mu iya kuwa?"

Hoton wani tulin ƙananan ƙwallaye ne masu ruwan zuma, an jera su sun tashi sun yi tsini kamar dalar gyaɗar Kano ta zamanin da, an lulluɓe su da wani siririn zare mai ƙyalli, an kafa tauraro a ƙoli. Na ce mata wannan ai sai magina. Ta ce a'a, ci ake yi, har zaren ma sukari ne.

Gidansu Kiristoci ne, kuma mun daɗe muna musayar kwano da su a unguwarmu ta Kaduna: mu aika da naman layya, su aiko da shinkafa da kaza da cincin ranar bikinsu. To, wanda kake cin kazarsa duk shekara ai ba ka hana shi aron tanderu. Muka shiga kicin. Kafin a kira isha'i mun tayar da ginin da ya kai taƙi biyu, muka ja da baya muna kallo muna yabon kanmu. Ko hoto ba mu gama ɗauka ba ya fara karkata, sannu a hankali, kamar katangar da damina ta jiƙa, sannan ya zube warwas a kan tire. Ni na tashi da ƙuna a ɗan yatsa, ita da hawaye, ƙannenta kuwa da murna, don ɓaraguzan ma daɗi gare su.

Wannan faɗuwar ce ta sa na bi diddigin abin, har ya kai ni Jamus da Faransa da ƙasashen ƙanƙara na arewacin Turai, inda aka daɗe ana wannan sana'a.

Tun asali abin ci ce

Yau in aka ce bishiyar Kirsimeti, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ta roba, koriya shar, da ƙwallayen ƙyalƙyali da fitilu masu ƙiftawa, irin wadda ake gani a ƙofar manyan kantunan Abuja da Jos. Amma tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambace ta a ƙasashen masu jin Jamusanci, inda al'adar ta yi saiwa, da dama cikinsu zancen abin ci suke yi. Wani kundin ƙungiyar masu sana'a na birnin Bremen na shekarar 1570 ya ba da labarin wata 'yar bishiya da aka kafa a zauren ƙungiyar, aka rataya mata tuffa, da 'ya'yan itatuwa masu ɓawo, da dabino, da wani irin burodi mai ƙulli, da furannin takarda, aka bar 'ya'yan 'yan ƙungiya su tsinke ranar bikin. Dabino fa, a arewacin Jamus, a wancan zamani! Mai karatu ya ƙiyasta tafiyar da ya sha kafin ya isa bakin yaran.

Wani rubutu na 1605 kuma ya bayyana yadda mutanen Strasbourg, birnin da yanzu yake cikin Faransa amma a lokacin na masu jin Jamusanci ne, suke kafa bishiya a ɗakunansu su rataya mata furannin takarda da tuffa da siraran biskit da sukari. Ita tuffar da dalilinta. A tsohuwar al'adar cocin Turai, ranar 24 ga Disamba ranar tunawa da Adamu da Hauwa'u ce, kuma akan yi wasan kwaikwayo a kafa bishiya mai tuffa a tsakiyar fili.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. A shekarun 1640 wani babban malamin coci na Strasbourg, Johann Conrad Dannhauer, ya soki al'adar, ya kira ta wasan yara, yana ƙorafin cewa ana lafta wa itace 'yartsana da sukari sannan a girgiza shi a yi wawaso. Wa'azin ya bi iska. Wawason ma ya zama al'ada mai zaman kanta, har a gidaje da yawa na Jamus akan jira ranar 6 ga Janairu a ba yara izini su tsiyata bishiyar.

A wancan lokaci sukari kayan masu hali ne. Daga rake ake samunsa, raken kuma bayi ne 'yan Afirka ke noma shi a Barazil da tsibiran Karebiyan, don haka ƙwayar alewa ɗaya a jikin reshe kyauta ce ta gaske. A 1747 wani masanin sinadarai na Balin, Andreas Marggraf, ya gano cewa akwai irin wannan sukari a cikin wata saiwa mai kama da ƙaton farin karas da ke yi a ƙasar sanyi, kuma a farkon shekarun 1800 ɗalibinsa Franz Achard ya buɗe masana'antar farko ta tatso shi. Cikin wancan ƙarnin sukari ya yi ta araha har ya shiga gidan talaka. Abin dariyar shi ne, daidai lokacin da kowa ya samu halin rataya alewa, sai yayin ya juya. Masu hura gilashi na garin Lauscha a Jamus suka fara yin ƙwallayen ado a tsakiyar ƙarnin. A 1848 jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat da 'ya'yansu kewaye da bishiyarsu, kowa a Ingila ya ce shi ma sai ya yi. A 1880 ɗan kasuwar Amurka F. W. Woolworth ya fara sayar da ƙwallayen gilashin Jamus a kantinsa. Tun daga nan bishiya ta koma abin kallo, a yi ta kwaɓar yara kada su taɓa.

Mutanen Hangari dai ba su saki ba. Har yau suna rataya wata alewa mai suna szaloncukor, wadda ake naɗewa da takarda mai ƙyalli mai geza a gefe biyu, kuma duk ɗan ƙasar ya san dabarar yara: a zare alewar a hankali, a mayar da takardar yadda take, a bar ta tana lilo a reshe kamar ba abin da ya faru. Sai ranar sauke kaya uwa ta tarar rabin adon fanko ne.

Ashe 'yar bishiyar kayan zaƙi da ake kafawa a tsakiyar tebur tsohuwar bishiyar ce ta dawo gida, ta rage tsawo, ta yar da ganye.

Maginin da ya ɓata cikin kicin

Wadda muka gani a waya sunanta croquembouche, kalmar Faransanci mai nufin abin da ke yin ƙurus-ƙurus a baki. A Faransa ba ta Kirsimeti kaɗai ba ce. Asalinta ma ta ɗaurin aure ce da bikin baftisma, ita ce ke tsayawa a inda wasu ke ajiye kek mai hawa-hawa. Siffarta ce ta ja ta zuwa teburin ƙarshen shekara, don duk wanda ya gan ta ya ga bishiya.

Sunan da ake yawan haɗa ta da shi shi ne Antonin Carême, ɗan talakawan Faris da ya fara aikin kicin tun yana yaro, ya zo ya dafa wa Talleyrand, babban jami'in diflomasiyyar Faransa, da yarima mai riƙon sarautar Ingila, da gidan attajiran Rothschild, kafin ya rasu a 1833. Abin da ya bambanta shi da sauran masu gashi shi ne ɗabi'arsa ta zuwa ɗakin karatu yana kwafar zanen gine-gine, sannan ya dawo ya tayar da su da sukari da ƙullun fulawa: hasumiyoyi, kangaye, gadoji. A 1815 ya fitar da littattafai biyu kan sana'ar, ɗaya daga cikinsu, Le Pâtissier pittoresque, cike yake da zane-zanen irin waɗannan gine-gine. Da na san wannan tarihi tun farko, da na gane cewa maganar da na yi wa yarinyar cikin raha ita ce gaskiyar lamarin. Aikin magina ne, da tubalinsa da lakarsa da harsashinsa.

Tubalin shi ne ƙwallon da Faransawa ke kira chou, wato kabeji, saboda kamanninsa in ya gasu. Duk macen da ta iya tuƙa tuwo ta iya rabin aikin. Ana ɗora ruwa mililita 250 da bota giram 100 da ɗan gishiri, in ya tafasa a juye fulawa giram 150 gaba ɗaya, a tuƙa da ƙarfi har ƙullun ya haɗe ya saki jikin tukunya. A sauke, a bari ya sha iska, sannan a fasa ƙwai huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ba a sa na gaba sai na baya ya ɓace cikin ƙullun. Babu yis, babu hodar kumburi. Ruwan da ke cikin ƙullun ne ke zama tururi a wuta ya hura shi kamar balan-balan, ya bar rami a ciki. Ana ɗiɗɗiga shi a tire ƙanana-ƙanana, kada kowanne ya wuce girman goro, a gasa a zafin digiri 200 na minti 20 zuwa 25. Wanda ya kasa haƙuri ya buɗe tanderu da wuri, iska mai sanyi ta shiga, ƙwallayen sai su lotse kamar kumatun tsohuwa. A bar su su yi ja sosai su bushe, domin tubali mai laushi ba ya ɗaukar nauyin ɗan'uwansa.

A Faransa akan huda kowanne a ɗura masa kastad mai kauri. Da daɗi kam, amma daga lokacin da aka ɗura, agogo ya fara bugawa: danshin ciki zai ratso ɓawon, kuma kastad na madara da ƙwai ba ya son zaman waje. Awa uku zuwa huɗu, a ci a tashi. Wanda yake son gininsa ya daɗe a tebur ya bar ƙwallayen fanko, ya ajiye kastad a kwano a gefe, kowa ya dangwala.

Lakar kuwa narkakken sukari ne, kuma nan muka yi kuskuren farko. Ana zuba sukari rabin kilo da ruwa kamar rabin kofi da ɗigon lemon tsami a tukunya mai kauri, a ɗora, a cire hannu. Ba a juyawa da cokali, don juyawa na sa shi ya koma tsaki-tsaki. Zai yi ta tafasa fari fat, kumfar na ƙara nauyi, har ruwan ya ƙone. Wajen digiri 150 yake kai matakin da in ya huce zai yi tauri kamar gilashi, daga 160 zuwa 170 kuma ya ɗauki launin zuma. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya yi abin da masu alewar gargajiya ke yi: ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi. In ya karye ƙas, ya yi. In ya miƙe kamar cingam, da saura. Mu tsoron ƙonewa ya sa muka sauke namu tun yana miƙewa. Ya manna ƙwallayen kam, amma manni irin na alkawarin ɗan siyasa, yana riƙe yana saki.

Maganar ƙuna ba ta wasa ba ce. Ruwan zafi iyakarsa digiri 100, kuma in ya zuba yana gangarewa. Wannan ya fi shi zafi nesa ba kusa ba, ga shi in ya taɓa fata maƙalewa yake yi ya ci gaba da ci. Kwanon ruwan sanyi ya zauna kusa da hannu kafin a fara, yara kuma su tsaya a bakin ƙofa.

Kuskurenmu na biyu na lissafi ne. Mun ɗora layi a kan layi a miƙe kamar muna gina rijiya, sai can sama muka tuna ana so ya yi tsini, muka tsuke shi da gaggawa. Ƙa'idar ita ce kowane layi ya gaza na ƙasansa da ƙwallo ɗaya, ya ɗan kwanta ciki, kuma kowane ƙwallo ya zauna a tsakanin biyun da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda mai jera bulo ke hana tsaga ta bi layi ɗaya. In aka fara da goma a ƙasa, sai tara, sai takwas, har zuwa ɗaya, ƙwallo 55 ke nan, kuma kwaɓi biyu na ma'aunin da na faɗa zai wadatar har da na ɗanɗano. Masu sana'a suna da wani dogon mazurari na ƙarfe da suke jera ƙwallayen a cikinsa tun daga tsinin, in sukarin ya daskare su kife su zare. A gida ana naɗe kwali ya yi siffar mazurari, a rufe shi da takardar gashi mai ɗan maiƙo, a yi gini a kewayensa. Ƙarƙashi kuma Faransawa kan shimfiɗa faifan alewar almon, wadda ba ta da maraba da alewar gyaɗarmu.

Zaren nan mai ƙyalli shi ne mafi sauƙi, ko da yake shi ya fi burge ido. In sukarin ya fara hucewa ya yi kauri, a haɗa cokula masu yatsu biyu baya da baya, a tsoma, a riƙa kewaya ginin da su da sauri. Sukarin zai bi iska ya zama sili-sili kamar gashin masara. Shi ne kuma farkon narkewa, don haka sai baƙi sun kusa zama ake yin sa.

Awarwaro goma sha takwas

Mutanen Nowe da Denmak sun bi wata hanya da ba ta da ƙuna. Tasu sunanta kransekake a Nowe, kransekage a Denmak, ma'ana kek na kewaye. Kayan haɗin uku ne rak: niƙaƙƙen almon, garin sukari, farin ƙwai. A Nowe ma'aunin da aka saba shi ne rabin kilo na almon, rabin kilo na garin sukari, da farin ƙwai uku ko huɗu. Ana kwaɓawa a bar ƙullun ya kwana, washegari a murza shi kamar igiya mai kaurin yatsa, a naɗa shi awarwaro-awarwaro, kowanne ya ɗan fi na bayansa faɗi. Yawanci 18 ake yi, kuma akwai farantan gashi na musamman masu kwarin zobe da gidaje da yawa ke da su. Minti goma ko sha biyu a wuta ya isa, waje ya yi ɗan ƙarfi, ciki ya tsaya da danƙo.

Daga nan sai a zana wa kowane awarwaro farin kwaɓin sukari a karkace, a ɗora na gaba a kai. Zanen shi ne ado, shi ne kuma siminti. A ƙarshe a soka ƙananan tutocin ƙasa a jiki. Ana fito da ita a Kirsimeti da ɗaurin aure, a Nowe har da ranar 17 ga Mayu da suke bikin tsarin mulkinsu na 1814, a Denmak kuma ita ce abin ci na tsakar daren sabuwar shekara. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake cinta. Ba a farawa daga sama. Ana ɗaga hasumiyar a zare awarwaron ƙasa a kakkarya, a mayar da sauran, don haka tana raguwa amma siffarta na nan har ƙarshen biki. A ganina, cikin dukkan bishiyoyin nan ita ce ta fi hankali. Tana jure ajiya, ana ma iya gasa ta mako guda kafin biki a daskarar, kuma Bahaushe ya riga ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyar masu gaggawa

Wadda ta fi yawo a hotuna yanzu ba ta buƙatar wuta ko kaɗan. Ana sayen mazurarin farin soson nan mai tauri, irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, a naɗe shi da takarda mai ruwan zinare, a bi shi da cakulan mai takarda ana sokawa da tsinken sakace. Cakulan ɗin da ya mamaye wannan fage shi ne Ferrero Rocher, wanda kamfanin Ferrero na garin Alba a Italiya ya fitar a 1982, kuma tallarsa da ta yi suna a Ingila a shekarun 1990, ta liyafar gidan jakada, dala guda ta ƙwallayen zinaren ta nuna a kan tire. Kamfanin da kansa ya koya wa mutane tulawa.

Kafin a je kanti a yi lissafi, don ido na ruɗi. Mazurari mai tsawon santimita 30 da faɗin gindi 12, in ƙwallayen santimita uku-uku ne, layin ƙasa kaɗai zai ci 15, kuma kafin a kai ƙoli an doshi 90. Wanda ya ce bari ya ninka tsawo da faɗi don abin ya cika ido, ya shirya sayen kusan ninki huɗu. Da farashin cakulan ɗin waje a kasuwanninmu, wannan bishiya ce da ke iya cinye kuɗin kazar biki.

Ni dai ba ta kwanta mini ba. Bayan an tsince ƙwallayen abin da ke saura soso ne mai huda-huda da tarin tsinke, kamar bushiyar da aka fige. Amma ina ba ta haƙƙinta: yaro ɗan shekara bakwai zai iya sa hannu, kuma ba wanda zai kwana da yatsa a ruwa. Mutanen Jos ma suna da gata a nan, don ana noman sitiroberi a yankinsu kuma lokacin sanyi yake nuna, sai a soka shi a maimakon cakulan, ja a jikin koren ganye ba sai an ƙara wani ado ba.

Tsakanin wahalar Faransawa da wannan lalaci akwai bishiyar biskit. A yanka biskit siffar tauraro, girma-girma kamar kashi goma, biyu-biyu, a gasa, a jera daga babba zuwa ƙarami ana ɗan murɗa kowanne yadda tsinayen za su saɓa su fito kamar rassa. Simintinta shi ne farin ƙwai ɗaya da aka buga da garin sukari giram 200 zuwa 250 da ɗigon lemon tsami, wanda cikin 'yan awoyi yake bushewa ya yi tauri. Tunda ƙwan ɗanye ne, in akwai mai juna biyu ko jarirai ko tsofaffi cikin masu ci, gara a nemi garin farin ƙwai na kanti ko a manna da narkakken cakulan.

Laima, zafi, kiyashi

Babban abokin gabar ginin sukari shi ne laima. Sukari na zuƙar danshin iska, ya yi yauƙi, ya saki. Shi ya sa ba a sa croquembouche a firji, kuma shi ya sa masu gashi a Turai ke fargabar ranar ruwa. A nan Allah ya yi mana gyaɗar dogo: Kirsimeti na faɗowa tsakiyar hunturu, lokacin da iska ta bushe har leɓe ke tsagewa. Abin da ke fasa mana kaushi shi ke riƙe ginin. Wanda ya gwada wannan a watan Agusta, ko a Legas, shi zai ba da labari. Sai dai hunturu da ƙurarsa yake tafe, a tanadi abin rufewa.

Cakulan kuma zafi ne ajalinsa. Man koko na narkewa wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki, shi ya sa kuma yake narkewa a hannun mai jerawa in ya cika jujjuya shi. A nisanta shi da taga da fitila. Kiyashi kuwa ba ya jiran gayyata. Dabarar kakanninmu ta isa: a ɗora farantin a kan kofi, a zaunar da kofin cikin tire mai ruwa.

Akwai kuma abin da ya shafi kwanon da ke ƙetara katanga. Yawancin alewar nan mai taushi kamar roba, da farar nan mai laushi kamar auduga da Amurkawa ke narkawa su haɗa da hatsin karin kumallo su mulmula bishiya, da jelatin ake yin su, kuma a Turai da Amurka galibin jelatin daga fatar alade yake. Kamfanin alewa na Haribo ma sai da ya riƙa yin na halal da jelatin na shanu a masana'antarsa ta Turkiyya. Wasu cakulan kuma giya ake ɗura musu a ciki. Wanda zai aika wa maƙwabcinsa Musulmi ya karanta bayan leda tukuna. Maƙwabciyarmu ta fi ni kiyaye wannan, ita ce ma ta mayar da wata leda da 'yarta ta sayo. Haka nan a ƙirga tsinken da aka soka a ƙirga wanda aka zare, a kuma nisanta alewa mai tauri daga yaran da ba su kai shekara huɗu ko biyar ba, don tana shaƙewa. Zancen yawan zaƙi kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babba kada ya wuce kimanin giram 50 na sukari a rana, wato cokalin shayi 12. Ranar biki ba wanda ke riƙe da cokali yana awo, amma dalili ne na a tara jama'a a kan bishiya ɗaya.

Da Goggona ta zo washegari ta ji labarin rushewar, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Ke 'yar nan, yau kuka fara ganin an tula zaƙi? Ku je ku ga garar amarya."

Ta kuwa yi gaskiya. Wanda ya taɓa ganin yadda ake jera alkaki da dubulan da nakiya a manyan fanteka har su yi tozo ya san ba Turawa kaɗai suka iya nuna arziki da tsayin kayan zaƙi ba. Kalmar alewa kanta daga halawa ta Larabci muka aro ta, kuma a Masar har yau ana zuba narkakken sukari a mazubi a fitar da 'yartsana da doki lokacin Maulidi. Kayanmu ma sun fi dacewa da yanayinmu. Gullisuwa ƙwallo ce tun daga tukunya. Kantun riɗi da alewar gyaɗa ana iya yanka su tauraro tun suna da ɗumi. Tuwon madara na karɓar kowace siffa, dabino kuma, wanda yaran Bremen suka yi wawaso a 1570, a bakin titi muke sayensa da mudu. Babu ɗaya cikinsu da ke narkewa don an ɗauke wuta.

Ranar 24 muka sake gasa ƙwallaye, muka bar su suka kwana a buɗe suka bushe. Da sassafe ranar 25, kafin su tafi coci, muka naɗa kwali, muka jira sukari ya karye ƙas a ruwa, muka fara da goma a ƙasa. Goggo ce ta cike ramukan da gullisuwa, tana yi tana mitar cewa mun bar ƙofofi kamar ɗakin gwauro. Tauraron na kantun riɗi muka yi.

Ginin ya tsaya ƙyam har suka dawo, ya kai bayan azahar. Yara goma sha ɗaya suka gama da shi kafin manya su gama wanke hannu. Da yamma kwanonmu ya iso kamar kullum, shinkafa da kaza da cincin, sai wani ƙaramin kwano a sama. Ƙwallaye bakwai ne a ciki, da tauraron, an ɗan gutsuri tsini ɗaya.